Dabara: Gonar Mutum Ce Ko Rijiyar Gari?

Yau wata tambaya na kawo maka, kuma ba tawa ba ce. Wani dattijo maƙeri ne ya kawo mini ita wajen karatun dare, a wani ƙauye kusa da Gazawa. Tun daga ranar ba ta bar ni na huta ba, shi ya sa na ce bari in raba nauyinta da kai.

Ka san wahalar tonon aya a ƙasarmu. Ka san yadda mata ke wuni cikin rana da rariya a hannu, suna tankaɗe rairayi, ƙura na shiga ido da hanci. To, maƙerin nan ya zauna ya yi tunani. Ya samo gangar ƙarfe, ya huhhuda ta, ya ɗora ta bisa ƙafafu, ya sa mata hannu. A zuba ƙasa a juya, rairayi ya zube, aya ta tsaya ciki. Faɗi da baki da sauƙi. Rani biyu ya yi yana fama. Hudojin farko sun yi faɗi, aya na bin rairayi. Na biyu sun yi ƙanƙanta, ƙasa ta ƙi fita. Ya ɓata ganga uku. Har ragon da ya ke kiwo don Layya ya sayar ya sayi ƙarfe. Da abin ya yi daidai sai ya kai shi kasuwa. Ba a ci kasuwa uku ba sai ga maƙera huɗu sun baza irin tasa, kuma da rahusa, tun da su ba su ɓata ganga ko ɗaya ba.

Ya ce mini: "Malam, kai da ke karanta takardu, a cikinsu babu hukuncin ɓarawon dabara? Wanda ya kwance mini akuya, sarki ya san abin da zai yi masa. Wanda ya kwashe mini rani biyu fa?"

Na ce: "Baba, ba ni kwana bakwai."

Abin da na fara lura da shi shi ne, dabara ba kamar akuya ta ke ba. In an kwance maka akuya, turke ya zama fayau. In an ɗauki dabararka, tana nan a kanka ba ta ragu ba. Ta fi kama da wutar da maƙwabciya ke ɗiba daga murhunki da safe: ta tafi da garwashi, tukunyarki ba ta daina tafasa ba. Amma kada mu yi saurin cewa ke nan babu hasara. Rago ya tafi. Ganga uku sun tafi. Wanda ya sha wuya ya tashi da kaɗan, waɗanda suka tsaya kallo suka tashi da riba. In haka abin zai riƙa tafiya, gobe wa zai sake sayar da ragonsa don ya sauƙaƙa wa mata aiki?

Gwamnatocin duniya sun daɗe da ganin wannan matsala, suka yi mata doka. Akwai wata takarda da a ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu. Bari mu kira ta takardar mallakar ƙirƙira. Ciniki ne tsakanin mutum da jama'a. Jama'a ta ce masa: ka fito da asirinka fili, ka rubuta shi dalla-dalla, yadda duk wani gwani a sana'ar zai karanta ya iya yi. Mu kuma za mu hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da yardarka ba har shekara 20. In shekarun sun cika, abin ya zama na kowa. Nijar tana cikin wannan tsari. Ita da wasu ƙasashen Afirka, 17 ke nan duka, suna da ofishi ɗaya mai suna OAPI a Yawunde ta ƙasar Kamaru, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Bangi a 1977. Takarda ɗaya daga can tana aiki a ƙasashen duka. Najeriya ba ta ciki, tana da nata ofishi, saboda haka takardar Yawunde ba ta hana maƙerin Jibiya komai.

Sai dai ba duk wanda ya nema a ke ba ba. Don ka gane inda iyakar ta ke, bari in kai ka nesa kaɗan, wajen masu ƙera jiragen sama. Wani lokaci sai mutum ya hau tudu ya ke ganin gonarsa da kyau.

Ka taɓa tuɓe rigar leda cikin duhu lokacin hunturu, ka ji tas-tas, ka ga ƴan tartsatsi? Ko ka goga robar alƙalami a gashi, ka ga tana jan ƴan gutsattsarin takarda? Wannan ma wutar lantarki ce, irin wadda ke taruwa wuri ɗaya. Tun a 1709 wani Bature ɗan Ingila, Francis Hauksbee, ya rubuta cewa ya ji wata ƴar iska na fitowa daga abin da ya tara irin wannan wuta. Daga baya aka gane dalili. In ka miƙa siririyar waya a gaba, da wani ƙarfe mai kauri a bayanta, ka sa musu wuta mai ƙarfi ƙwarai, ƙwayoyin iskar da ke kusa da siririyar wayar su kan ɗauki wutar su ruga wajen ƙarfen baya. A hanya suna bangazar sauran iska, kamar yadda masu gudu cikin kasuwa ke tafiya da waɗanda ke tsaye. Iska ta yi baya, abin ya yi gaba. Babu farfela, babu mai, babu ƙara.

A 1964 wani mai ƙera jirage a Amurka, Alexander de Seversky, ya samu takardar mallaka a kan wani abu mai tashi sama da wannan iska. Amma abin nasa ɗan firam ne marar nauyi, kuma da waya a ɗaure, daga ƙasa a ke aika masa da wuta. Ka ga kaza ce da igiya a ƙafa. Matsalar ita ce turin iskar ba shi da ƙarfi, batir kuwa da nauyi. Sai a 2018 wasu masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Steven Barrett, suka tayar da wani jirgi mai fukafukai wanda ya ɗauki batirinsa da kansa. Faɗin fukafukansa mita 5. Nauyinsa kamar kilo biyu da rabi, wato wajen tiya ɗaya ta hatsi. Ƙarfin wutar da suka sa ya kai 40,000 a ma'aunin da wutar gida ke 220. Tafiyar da ya yi mita 60 ce, cikin wani babban ɗakin wasanni. Mita 60! Yaro da gudu ya fi shi nisa. Amma shekara 54 aka yi kafin a tsinke wa kazar nan igiya.

Wannan rabi ɗaya ke nan. Ɗaya rabin shi ne aika wuta ba tare da waya ba. Kada abin ya ba ka mamaki, kana ganin irinsa kullum. Farantin hasken rana da a ke cajin salula da shi a kasuwar Agye, wace waya ce ta haɗa shi da rana? Haka nan a na iya tara ƙarfin wuta a mai da shi kamar saƙon rediyo, a auna wuri ɗaya a harba, can kuma wani faranti ya karɓa ya mai da shi wuta. A 1964 ɗin dai, wani injiniya mai suna William Brown ya nuna ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu yana shawagi da wutar da a ke harbo masa daga ƙasa. A 1987 ƴan Kanada suka tayar da ɗan jirgi mai fukafukai ta wannan hanya.

To, ga inda gardamar ta ke. A ce wani ya kwanta da dare, tunani ya zo masa: tun da batir ne ke yi wa jirgin iskar lantarki nauyi, me zai hana a jefar da batirin a riƙa harbo masa wuta daga ƙasa? Da safe ya ruga ofishi ya ce a ba shi takarda, duk wanda zai ƙera irin wannan jirgi nan da shekara 20 sai ya biya shi. Kai, a ganinka, ya cancanta?

Masu binciken takardun suna da tambayoyin da su ke yi. Za su ce: abin sabo ne, ko an taɓa bayyana shi a wani wuri cikin duniya? Nan za su buɗe tsoffin takardu su ga na 1964 duka biyu. Sa'an nan su yi tambayar da ta fi wuya: in aka ajiye rabin nan biyu gaban wani gwani a sana'ar, shin haɗa su zai zo masa da kansa, ko sai da wata hikima ta daban? Ga jaki, ga amalanke. Wanda ya ce a ɗaura jaki ga amalanke bai ƙirƙiro komai ba, don duk mai ido zai faɗi haka. Kuma za su ce ya rubuta yadda a ke yi. Anan ne mai mafarki ke tsayawa. Wutar da aka harba tana bazuwa a hanya, mai yawa ta ɓace. Farantin karɓa yana da nasa nauyi. Dole harbin ya riƙa bin jirgin duk inda ya juya, kuma kada ya cuci tsuntsu ko mutum. Wanda ya zauna ya ɓata gangunansa har ya samo faranti marar nauyi da ba a taɓa yin irinsa ba, ko wata sabuwar hanyar jera wayoyin, wannan yana iya samun takarda a kan abin da ya samo ɗin, shi kaɗai. Iskar lantarki kanta kuwa ba a ba kowa, domin doka ba ta ba da takarda a kan abin da aka tarar cikin halitta, kamar yadda wanda ya fara lura ruwa na gangara ba zai ce gulbi nasa ne ba.

Ni dai a nan ina tare da dokar. Tunani kyauta ne, yana zo wa mutum goma a dare ɗaya. Aiki ne ke da tsada. Wanda ya nemi a shinge masa dukan sararin sama saboda mafarkin dare ɗaya, kamar mai noman da ya cinye burtali ne. Bai ƙara wa gari hatsi da yawa ba, amma ya hana dabbobin kowa wucewa, kuma ka san abin da ke biyo baya.

Har ma waɗanda suka yi aikin da gaske, shingen ya taɓa zame musu sarƙa. Wasu ƴan'uwa biyu masu gyaran keke a Amurka, Wilbur da Orville Wright, su ne suka tayar da jirgi mai inji a 1903. Tashin farko daƙiƙa 12 ne. Sun samu takardarsu a 1906, kuma sun cancanta. Amma daga nan sai suka shiga shari'a da sauran maƙeran jirage, musamman wani Glenn Curtiss, shekara da shekaru. Ƙarfin da za a sa a maƙera aka kai shi gaban alƙali. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917, matuƙanta da yawa jiragen Faransa da Ingila suka hau, sai da gwamnati ta matsa wa masu takardun suka zuba su wuri ɗaya, kowa ya ɗiba ya biya kaɗan.

Yanzu mu sauko daga tudu mu dawo gida. A shekarar nan ta 2018 da jirgin mita 60 ya tashi, an ba wani mutum babbar kyauta ta duniya a ƙasar Suwidin saboda wata dabara da ta fito daga gonakinmu na Maraɗi. Sunansa Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya. Ya yi shekaru yana dasa itatuwa a nan, rana da iska da awaki suna kashewa. A 1983 ya lura cewa ƴan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce. Kututturan tsoffin itatuwa ne, saiwarsu na nan da rai ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko ƴan kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, itace zai tashi da sauri, ba shuka, ba ban ruwa. Shi ne sassaben zamani da ka sani. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen wuta, ga abincin dabbobi, sai maƙwabta suka fara kwaikwayo. Daga gona zuwa gona, daga Gidan Rumji zuwa Agye har Damagaram, masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Kalgo, sabara, gawo, aduwa, magarya. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye har baƙi daga ƙasashen waje ke zuwa kallo.

Wa ke da takardar wannan dabara? Babu. Shi kansa Rinaudo bai ce shi ya ƙirƙiro ta ba, domin akwai manoman da su kan bar tsiro a gona tun kafin a haife shi. Kuma ka yi tunani: da a ce duk wanda zai datse sabara a gonarsa sai ya biya dala, da yau ina mu ke? Abin da maƙerinmu ya kira sata, a nan shi ne ya rufa wa ƙasa asiri.

Amma tsaya, akwai wani abu cikin labarin da ba a cika faɗi ba, kuma shi ne ya fi ba ni tunani. A da, itacen da ke cikin gonarka ba naka ba ne a idon hukuma. Ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Saboda haka manomi ya gwammace ya kashe tsiro tun yana ƙarami, ya huta da fitina. Sai da mutane suka tabbata cewa wanda ya raini itace shi zai ci amfaninsa, sa'an nan suka dage. A Ɗan Saga har kwamitin tsaro suka kafa, da mata da makiyaya a ciki, don hana masu saran dare. A 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya raina. Ka ga abu biyu sun haɗu. Dabarar ba ta da mai ita, shi ya sa ta bazu. Itacen yana da mai shi, shi ya sa ya tsaya. Da an rasa ɗaya cikin biyun, da babu dajin.

Wani lokaci kuma takarda ita ce ke tsare abin jama'a daga hannun mutum ɗaya. Albasar Galmi, wadda kakanni suka yi ta zaɓen irinta, wani kamfanin sayar da iri na Senegal ya taɓa neman a rubuta masa ita da sunan nan a ofishin Yawunde. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, ba a ba shi sunan ba. Daga baya aka rubuta albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kayan ƙasarsu. Da babu waɗanda suka iya karatu suka ga abin da a ke shirin yi, da sai dai mu ji labari.

To, ina maƙerinmu ya faɗa cikin wannan duka? Da kwana bakwai suka cika na koma na gaya masa gaskiya, ko da ba daɗi. Dokar Bangi tana da wata ƙaramar takarda ta kayan aiki irin nasa, mai shekara 10. Amma sai an nema kafin a baza abin a idon jama'a, shi kuwa ya riga ya kai kasuwa. Kuma za a bincika ko an taɓa yin rariya mai juyawa a wani wuri, ga kuɗin nema, ga kuɗin da a ke biya don takardar ta ci gaba da aiki, ga shari'a in wani ya keta. Wannan ya fi ƙarfin mai rago ɗaya. Doka ce da aka ɗinka daidai jikin manyan kamfanoni, mu ta yi mana burmi.

Na kuma ce masa, ba don in ɓata masa rai ba: "Baba, zugazugin nan naka wa ya ƙirƙiro? Wa ka biya kafin ka fara ƙera hauya?" Ya yi dariya ya ce gado ne. Na ce to, gado dabarar wani ce da ya mutu bai ɓoye ba.

Duk da haka ban yarda a ce masa ya yi haƙuri kawai a tashi ba. Maƙeran nan huɗu ba su karya dokar gwamnati ba, amma sun bar wani abu da iyayenmu ba su bari. Yaron da ya koyi sana'a ya kan kai wa maigidansa goro, kuma duk inda ya je ya kan faɗi wajen wa ya koya. Me ya hana su zuwa su gaishe shi, su ce Baba mun gani mun yaba, ga ɗan abin da ya samu? Me ya hana ƙungiyar manoman aya, waɗanda matansu suka huta, ta mayar masa da ragonsa? Wannan ba ya bukatar Yawunde. Kai ma da ke karanta wannan, in ka je sayen irin wannan ganga, kana iya tambaya wa ya fara yin ta, ka ƙara ƴan daloli ka saya a wajensa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne abin da na gani makon jiya. Na bi ta maƙerarsa na tarar ya kewaye bayanta da zana. Yana wani sabon aiki a ciki, na ɓarar gyaɗa in ji shi, kuma ko yaron da ke yi masa zuga ba ya bari ya leƙa. Na tuna wata tsohuwa a ƙauyenmu da ta san haɗin maganin ƙuna wanda ba ya barin tabo. Ta ƙi gaya wa kowa, har ɗiyarta, tana cewa sai nan gaba. Ta rasu da damina, maganin ya bi ta.

Na roƙe shi abu ɗaya. Ɗansa na fari yana ajinmu, ya iya rubutu yanzu, har da lissafin awo. Na ce ya bar yaron ya zana abin cikin littafi, ya rubuta tsawo da faɗin kowane ƙarfe, ya sa ranar wata da shekara, mai gari da liman su sa hannu, a rufe a ajiye cikin adaka. In wata rana aka yi gardamar wa ya fara, ga shaida. In kuma ta Allah ta kasance, ga littafi.

Ya daɗe yana juya guduma a hannu. Sa'an nan ya ce: "Malam, yaron nan bakinsa ba ya riƙe magana. Bari dai a cire amfanin gona, mu gani."